Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shagunan Sayar Da Tsuntsayen Baji

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana albarka. Mu masu kiwon ƙananan akun nan da ake kira baji, tare da masu duba lafiyarsu, mun rubuto muku ne a kan ɗan lokacin da mai saye yake yi a gaban kantarku. A wannan ɗan lokacin ake yanke yawancin abin da zai sami tsuntsun a gaba: ko ya yi shekara bakwai zuwa goma yana sauka a yatsan mai shi, ko ya mutu kafin wata uku, ko kuma ya ƙare rayuwarsa a lungun keji yana zabura da duk hannun da ya matso. Mai saye yakan shigo bai san komai ba, ya fita da abin da kuka faɗa masa kawai. Shi ya sa ku muka ga ya dace mu yi wa magana.

Baji tsuntsun busassun filayen Ostireliya ne, inda yake yawo cikin garke yana tsintar ƙwayar ciyawa. John Gould, wani Bature masanin tsuntsaye, shi ne ya kai shi Ingila da rai a 1840, kuma waɗanda ke shagunanku yau a keji aka ƙyanƙyashe su kaka da kakanni. Duk da haka halinsa na daji bai bar shi ba. Nauyinsa giram 30 zuwa 40 ne, tsawonsa kamar santimita 18 har da bindi, kuma a daji shi ake farauta. Saboda haka yake tsoron duk abin da ya zo masa ta sama, yake ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, kuma yake shiga damuwa idan aka bar shi shi kaɗai babu mai kula shi.

Mu fara da maganar kwanaki, domin a nan ake asarar rayuka da yawa ba tare da an gane dalili ba. Uwar baji takan yi ƙwai huɗu zuwa shida, tana tsallake rana ɗaya tsakanin kowane ƙwai da na bayansa, kuma kowanne yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 18 ko kusa da haka. Ke nan 'ya'yan sheƙa ɗaya ba sa'annin juna ba ne. Tsakanin babba da auta ana iya samun tazarar kwana goma. Sukan fito daga sheƙa suna da kwana 30 zuwa 35, amma uban yakan ci gaba da ba su a baki na mako ɗaya ko biyu kafin su iya ɓare ƙwaya da kansu. Idan mai kiwo ya kwashe sheƙar gaba ɗaya rana guda ya kawo muku, babban ya isa sayarwa, autan bai isa ba. Shi ne za ku gani a ƙasan keji ya lafe, gashi a bubbuɗe, yana barin kowa ya taɓa shi. Mai saye ya nuna shi ya ce wannan mai hankalin nake so. Yunwa ce ta kwantar da shi, kuma kwana biyu ba abinci ya isa ya kashe tsuntsu mai wannan girman.

Kada ku karɓi ɗan baji da bai kai mako shida ba, kuma ya fi kyau kada ya bar hannunku sai ya cika mako takwas. Kafin ku sayar, ku tsaya ku ga yadda yake ci da idonku. Wanda ya iya, zai ɗauki ƙwaya ya juya ta da harshe, ɓawon ya faɗo, ya haɗiye cikin. Wanda bai iya ba, zai yi ta wasa da ita a baki ya yar. Da yamma ku shafa ƙasan wuyansa a hankali, inda abinci ke fara taruwa: ya kamata ku ji ƙwaya a ciki. Ƙaramin sikeli mai auna giram ya fi kowace shaida. Ku auna shi safiya biyu ko uku a jere kafin ya ci. Idan nauyin na sauka, bai shirya ba.

Akwai kuma akasin wannan, wato sayar da babba da sunan yaro. Mai son tsuntsun da zai saba da hannu yana neman ɗan wata biyu zuwa huɗu, kuma yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya. Ɗan baji yana da baƙaƙen layuka a goshinsa tun daga ƙeya har zuwa saman baki. Idan ya yi sauyin gashi na farko, wajen wata uku zuwa huɗu, layukan goshin sukan ɓace, goshin ya zama fari fat ko rawaya. Idonsa baƙi ne wuluk tun yana ƙarami, sannan daga baya farin zobe ya fito ya kewaye ƙwayar. Idan akwai rufaffen zobe a ƙafarsa, yana 'yan kwanaki aka sa masa, kuma sau da yawa shekarar ƙyanƙyasarsa na rubuce a jiki. Alamun goshi da na ido ba sa aiki a kan farare da rawaya masu jan ido, da wasu masu dabbare-dabbare, domin su ba su da layukan, wasunsu kuma zoben idon ba ya fitowa ko sun tsufa. A irin waɗannan, ranar da mai kiwo ya rubuta ita ce abin dogaro, don haka ku riƙa neman ta daga wurinsa duk lokacin da ya kawo kaya.

Namiji da mace kuwa, fatar nan ta saman baki inda kafofin hanci suke ita ake dubawa. Ta balagaggen namiji shuɗiya ce shar. Ta mace fari-fari ce ko mai hasken shuɗi, kuma takan koma ruwan ƙasa mai kaushi idan tana lokacin ƙwai. A yara duka biyun sukan yi kama, sai dai ta namiji tana ɗaukar ruwan hoda mai shuni-shuni bai ɗaya, ta mace kuma tana da fari-fari kewaye da kafofin. Idan ba ku tabbatar ba, ku ce ba ku tabbatar ba. Kuma kada ku yi wa kowa alkawarin cewa tsuntsun zai yi magana. Gaskiya ne maza sun fi koyo, kuma wani baji mai suna Puck ya shiga kundin bajinta na duniya na Guinness a 1995 da kalmomi 1,728, amma da yawansu ba sa furta ko kalma ɗaya, kuma wanda ya saya don magana shi ne yake saurin gajiya da tsuntsun.

Sai maganar lafiya. Duk sabon kayan da ya shigo ya zauna a ɗaki daban na kwana 30 aƙalla, da kwanoninsa daban, kuma a ƙarshe ake hidimarsa bayan an gama da tsofaffin. Mun san wannan yana cin wuri yana kuma riƙe jari. Amma cutar nan da ƙwayar Chlamydia psittaci ke kawowa tana iya zama a jikin tsuntsu ba alama, wahalar tafiya ta tayar da ita, ta bazu ta ƙurar busasshen kashi, ta kama har mutane da zazzaɓi da ciwon huhu. A 1929 zuwa 1930 cinikin aku ya yaɗa ta zuwa ƙasashe da dama, ta kama ɗaruruwan mutane. Ma'aikatanku su ne na farko a bakinta. Maganinta a tsuntsu yakan ɗauki kwana 45 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, don haka zuba maganin ƙwayoyin cuta a ruwan sha na kwana uku ba ya warkar da komai. Yana lulluɓe alamun ne har tsuntsun ya isa gidan mai saye. Ku riƙa yayyafa ruwa a ƙasan keji kafin ku share, don kada ƙurar ta tashi.

Kowace safiya wani ya tsaya nesa kaɗan da kejin, inda tsuntsayen ba su damu da shi ba, ya yi minti biyar yana kallo. Wanda ya kumbura gashi da rana tsaka, wanda bindinsa ke ɗagawa yana sauka tare da numfashi, wanda ke barci a kan ƙafa biyu yayin da sauran ke wasa, wanda gashin duburarsa ya ɓaci, wanda gashin kansa ya manne da amai, duk a ware su. A hannu kuma a shafa ƙashin ƙirji: idan ya fito da kaifi babu tsoka a gefensa, tsuntsun yana ramewa ko da kun gan shi kullum a bakin kwano. Akwai wani naman gwari da ke kama cikin baji ya sa shi ci ba ƙoshi yana ƙarewa, wani lokaci har a ga ƙwaya ɗungurungum a kashinsa. Farin ɓawo mai ƙananan ramuka a gefen baki ko a ƙafa kuwa aikin wasu ƙwari ne da ido ba ya gani. Likita na maganinsu cikin sauƙi idan an kama da wuri, idan an bari kuma bakin ya karkace. Tsuntsun da ya kwana keji ɗaya da marar lafiya shi ma ba na sayarwa ba ne sai an ga yadda ta kaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne kalmar nan da ake yawan faɗa wa mai saye: wannan ya saba da hannu. Sau da yawa abin da aka yi shi ne an datse masa fiffike. Tsuntsun da ba ya iya tashi zai zauna a yatsa don ba shi da wurin zuwa, zuciyarsa na dukan uku-uku, gashinsa a lafe da jiki. Bayan wasu watanni sabon gashi ya fito, ya tashi ya bar hannun, mai shi ya ce tsuntsun ya canza hali. Datse ɗan da bai gama koyon tashi da sauka ba yana hana tsokar ƙirjinsa ƙarfi, kuma yakan faɗo ya fasa ƙirji a ƙasa. Datse fiffike ɗaya ya fi muni, domin juyawa yake yi a iska ya bugi bango. Gashin da ke kan fitowa kuma akwai jini a sandarsa. In almakashi ya same shi, jinin da zai zuba ba kaɗan ba ne ga jiki mai giram 35. Ra'ayinmu shi ne kada shago ya datse kowane tsuntsu don ya sayu. Wanda ya saba da gaske, shi zai tako zuwa hannu da ƙafarsa alhali yana da ikon gudu. Idan ba ku ga ya yi haka ba, ku ce wa mai saye yaro ne mai lafiya, sabon kuwa aikinsa ne a gida.

Yadda ake kama shi a ranar sayarwa shi ne darasinsa na farko a kan hannun mutum. Bin sa da hannu a keji na minti biyu, sauran suna ta bugun waya, yana iya jawo wa mai saye ƙarin makonni na wahala. Ku cire sandunan sauka, ku rage hasken ɗakin domin baji ba ya son tashi a duhu, ku rufe shi da ƙaramin ƙyalle mai laushi a kamu ɗaya. Bayansa ya kwanta a tafin hannu, kansa tsakanin yatsa biyu, kuma kada a matse ƙirjin ko kaɗan: tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in an danne shi shaƙewa yake yi. A sa shi a ƙaramin kwali mai ramukan iska, da takarda a ƙasa da 'yar ƙwaya a warwatse, babu kwanon ruwa da zai zube ya jiƙa shi. A gaya wa mai saye ya wuce gida kai tsaye, kada ya bar kwalin a mota cikin rana.

Kejin da kuke haɗawa da tsuntsun a matsayin na farawa, yawanci shi ne gidansa har mutuwa, domin mutane kaɗan ne ke dawowa su canza. Baji a kwance yake tashi daga gefe zuwa gefe, don haka faɗi ake nema, dogon keji siriri ba ya amfana masa komai. Ga guda biyu, kada tsawonsa daga gefe zuwa gefe ya gaza santimita 75, zurfi da tsayi kamar 45, kuma in ya fi haka ya fi. Tazarar wayoyin kada ta wuce milimita 12, in ba haka ba kansa zai shiga ya maƙale. Zagayayyen keji ba shi da kusurwar da tsuntsu zai fake in ya tsorata, kuma wayoyinsa na matsewa a sama su kama yatsa. Waya mai tsatsa ko mai ɓarɓashin tutiya, da kayan wasa masu dalma, guba ne ga tsuntsun da ke tauna duk abin da ya samu. Sandunan sauka su zama na itace, masu kauri daban-daban daga santimita ɗaya zuwa biyu. Takardar yashin nan da ake naɗa wa sanda wai don ta rage farce, tafin ƙafa take gogewa har ya yi gyambo. Madubi ga tsuntsu ɗaya yakan sa shi manne wa hotonsa yana yi masa amai, ya daina kula mai shi. Akwatin sheƙa da 'yar bukkar ƙyalle kuwa suna tunzura mace ta yi ta ƙwai ko babu namiji, har sinadarin kalsiyam ya ƙare mata ƙwai ya maƙale. Waɗannan duk suna da riba a kanta, mun sani, amma akwai abin da za ku sayar a madadinsu: lilo, tsani, kayan tauna na itace da takarda, farin ƙashin nan na teku da suke gwaguya don kalsiyam, da sikeli.

A abinci akwai kuskure ɗaya da ya kamata kowane mai saye ya ji kafin ya fita. Baji yana ɓare ƙwaya ya bar ɓawon a cikin kwanon. Bayan kwana ɗaya kwanon na nan cike a ido, amma samansa ƙaiƙayi ne zalla, kuma ƙaramin tsuntsu ba lallai ya tona ƙasa ba. Mutum ya leƙa ya ga akwai abinci, tsuntsun ya mutu da yunwa a gaban cikakken kwano. A hure ƙaiƙayin kullum a ƙara sabo. Cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu na ƙwaya ya ishi guda ɗaya a rana. Ƙwaya kaɗai kuma ba ta isa abinci ba: mai ya yi mata yawa, ba ta da isasshen bitamin A da aidin, shi ya sa ake yawan ganin kitsen hanta, da ƙulluttukan kitse a ƙirji, da maƙoƙon da ke danne maƙogwaro har numfashi ya riƙa fito da ƙara. A haɗa masa da ganye mai duhun kore, da karas, da tattasai, da kabewa, a wanke a rataya masa a jikin waya. Haɗaɗɗen abincin nan na kamfani mai ƙananan dunƙule da ake kira felet yana da kyau, amma a hankali ake juya tsuntsu zuwa gare shi cikin makonni ana auna nauyinsa, domin wanda bai san shi ba ba ya ɗaukarsa abinci. Kada a fara wannan sauyin a makon farko. Ku ba mai saye irin abincin da tsuntsun ke ci a shagonku wanda zai kai shi mako biyu. Fiya (avocado), cakulan, kofi, albasa da abu mai gishiri kada su kusance shi.

Ɗaya za a saya ko biyu? Ku tambayi mutumin awa nawa yake yi a gida. Guda ɗaya ya fi saurin sabo da mutum, amma sai in mutumin zai ba shi awanni kullum. Wanda ke fita da safe ya dawo da dare, biyu ya kamata ya ɗauka, kuma su ma suna sabawa da hannu, lokaci kawai suke ƙara ci. A Suwizalan tun 2008 doka ta hana ajiye tsuntsu irin wannan shi kaɗai. Maza biyu sukan zauna lafiya, mata biyu sun fi yawan faɗa, namiji da mace kuma akwai maganar ƙwai. Wanda zai ƙara na biyu daga baya, shi ma ya keɓe sabon wata guda a wani ɗaki, sannan ya jera kejin biyu kusa da juna na wasu kwanaki kafin ya haɗa su.

Yanzu ga abin da muke roƙon ku rubuta a takarda ɗaya ku riƙa miƙa wa duk wanda ya saya, domin abin da aka faɗa da baki a shago ba ya kaiwa gida.

Mai saye ya shirya kejin kafin tsuntsun ya iso, a ɗakin da ake zama, a tsayin ƙirjin mutum, gefe ɗaya jingine da bango, nesa da iska mai kaɗawa da rana mai dukan wuri ɗaya duk yini. Kicin haramun ne gare shi: hayaƙin tukunyar nan da abinci ba ya kamawa, idan ta yi zafi fiye da kima, yana kashe tsuntsu cikin mintuna. Haka maganin ƙwari na feshi, da turare, da hayaƙin taba. Ya kara bakin kwalin da ƙofar kejin ya bar tsuntsun ya shiga da kansa. Kwana uku zuwa bakwai na farko kada hannu ya shiga sai don abinci da ruwa, a lokaci ɗaya kullum, a hankali, ana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ranar farko yana iya sandarewa wuri ɗaya bai ci ba. A shimfiɗa farar takarda a ƙasa a riƙa dubawa, domin baji mai ci yana kashi sau da yawa a rana. Idan awa 24 ta wuce babu ɓawon ƙwaya babu kashi, a watsa masa abinci a ƙasan kejin a kira likita. Da dare ya samu duhu da shiru na awa 10 zuwa 12.

Alamar ya fara sakin jiki ita ce ya ci a gabanka, ya gyara gashinsa, ya yi 'yar waƙarsa, ya tsaya a ƙafa ɗaya, ko ka ji yana gurza baki lokacin barci. Daga nan ake fara aiki, minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana. Ka zauna kusa da kejin ta gefe, kada ka zuba masa ido kai tsaye, domin haka mai farauta ke kallo. Ka ɗora hannu a jikin kejin ka bar shi. Ka lura da tazarar da yake fara lafe gashi yana miƙe wuya yana neman hanya. Nan ne iyakarsa ta yau. Ka tsaya kafin wurin, ka jira ya huce, sannan ka janye. Gobe iyakar za ta matso.

Makamin aikin shi ne zangarniyar geron tsuntsu. A cire ta daga abincinsa na kullum don ta zama abin marmari, amma kwanonsa ya zauna da abinci; horar da baji da yunwa hanya ce ta kashe shi. Da farko ka miƙa doguwar zangarniya ta tsakanin wayoyi, kana riƙe da can ƙarshenta. Idan ya ci kwana biyu ko uku a jere ba ɗar-ɗar, ka rage tsawonta, har bakinsa ya riƙa zuwa kusa da yatsunka. Sannan hannun ya shiga ciki, ta ƙasa da inda yake tsaye, ya tsaya cik. Hannun da ke bin tsuntsu a keji yana rushe aikin mako guda. Mataki na gaba, ka miƙa yatsa a kwance kamar sanda a gabansa, geron yana bayan yatsan, yadda ba zai kai gare shi ba sai ya ɗora ƙafa. Zai fara da miƙa wuya, sai ƙafa ɗaya, sai ya ja da baya, sai wata rana ya hau da biyun. Idan ya saba da haka, kana iya taɓa ƙasan ƙirjinsa daidai saman ƙafafu da yatsa a hankali kana cewa "hau", kalma ɗaya ba canji, kuma lada ya biyo baya nan take.

A nan mutane da yawa ke ɓata aikin. Kafin baji ya hau sabon abu yakan fara taɓa shi da baki ya ji ko zai ɗauke shi. Mutum ya ɗauka cizo ne ya fizge hannu, tsuntsun ya koyi cewa wannan sandar ba ta da tabbas. Cizon gaske yana da gargaɗi: zai ja jiki baya, ya buɗe baki, ya yi ƙara mai kaushi. Wanda ya ga haka ya dakata ba zai sha cizo ba. Idan ya riga ya ciza, kada a yi ihu, kada a yarfe hannu, kada a buge masa baki. A sauke shi a sanda a koma matakin baya. Mata sun fi cizo da ƙarfi, musamman lokacin ƙwai, kuma duk tsuntsun da ke sauyin gashi yakan yi saurin fushi don sabon gashin na yi masa ciwo. Shafa kuwa a kai da kumatu kawai, in ya sunkuyar da kai ya nema. Shafar baya tana tayar wa mace da sha'awar ƙwai.

Sai ya iya hawa yatsa a cikin keji sannan a buɗe masa ƙofa. A rufe tagogi da ƙofofi, a saki labule a kan gilashi da madubi, a kashe fanka, a rufe duk mazubin ruwa, a fitar da kyanwa da kare. Fitar farko zai yi ta kewaya ɗakin ya sauka a wuri mafi tsayi yana haki. A ƙyale shi ya huta. A fito da shi gab da lokacin cin abincinsa, a bar ƙofar kejin a buɗe da gero a ciki, zai koma da kansa. Idan dole sai an kama shi, a rage haske a yi amfani da ƙyalle, don kada ya haɗa kamun da hannun da ke ba shi gero. Ɗan wata biyu ko uku yakan kai wannan matakin cikin makonni kaɗan. Babba da ya daɗe a cikin taro yana iya ɗaukar watanni, wani kuma iyakarsa ya ci daga hannu, kuma wannan ma ya kamata mai saye ya ji tun a shago.

A ƙasan takardar ku rubuta kwanan watan ƙyanƙyasa ko kiyasinsa, da nauyin tsuntsun a ranar sayarwa, da sunan abincin da yake ci, da inda za a sami likitan da ya san tsuntsaye. Nauyin nan yana da amfani sosai: raguwar giram uku ko huɗu a jikin baji kashi goma cikin ɗari ne, kuma sikeli na nuna ta kwanaki kafin ido ya ga ciwo. Kada ku sayar wa yaro shi kaɗai. A Ingila doka ta hana sayar da dabba ga wanda bai kai shekara 16 ba, kuma ko inda babu irin wannan dokar, babba ne zai ɗauki nauyin shekara goma na abinci da shara da kuɗin magani. Wanda ya zo zai saya don ya yi wa wani kyautar ba-zata, ku ce ya zo da wanda za a ba. Ku kuma buɗe ƙofar dawo da tsuntsu a makonnin farko ba tare da an kunyata mai dawowa ba, domin wanda ya rasa inda zai mayar yakan buɗe taga ya sake shi, kuma bajin keji ba ya daɗewa a waje. Wanda aka dawo da shi ya sake shiga ɗakin keɓewa na kwana 30 kafin ya koma cikin sauran.

Wassalam.

Naku,
Masu kiwon baji da masu duba lafiyar tsuntsaye